Kiɗan Baffa Cikin Waya

Ni mutumin Zuru ne, nan aka binne cibiyata, nan kuma nake zaune har yau ina sana'ar ɗinki. Wanda bai san garinmu ba, yana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, a tsakanin duwatsu, shi ne babban garin masarautar da ta haɗa ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Ƙasa ce ta Dakarkari da 'yan'uwansu, mutanen da suka yi suna wajen noma da aikin soja. Mu kuwa Hausawa ne. Kakanmu ya biyo mahauta da kalangunsa a rataye, ya ga wurin zama, ya zauna. Watau gidanmu gidan makaɗa ne. Na faɗi wannan tun da fari, gama akwai lokacin da ba na son a san haka.

Ubana ya rasu ina ƙarami, ƙanensa ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. Ya sassaƙa mini ɗan ƙaramin kalangu daidai hammatata, na riƙa bin sa kasuwa da gidajen biki, har Dabai da Mahuta da Ribah. Da na tasa sai tsarana suka shiga kirana maroƙi. Abin ya yi mini ciwo, na ajiye kalangu na tafi koyon keke. Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki ɗan kalangun nan ya rataye a zaure, inda ba ni da hanyar fita sai na wuce ta ƙarƙashinsa. Ya fi shekara 30 yana nan rataye.

Kafin in ci gaba, sai mai karatu ya tuna yadda kalangu yake magana. Aikin hannu biyu ne. Hannun dama yana riƙe da makaɗi yana bugun fata. Na hagu kuwa yana rungume da kalangun a hammata, yana matsa tsarkiyoyin da suka haɗa fatun bakin nan biyu. In ya matsa, fata ta ɗaure, murya ta hau; in ya saki, ta sauka. Da yake maganar Hausa hawa da sauka ce, da haka makaɗi ke kiran taken mutum har mai shi ya ji daga nesa ya waiwayo. In ka cire matsin nan, abin da ya rage bai fi kiɗan ƙwarya ba.

To, da daminar 1922 ta kakanmu ba ni da labari, amma daminar 2022 ba zan manta da ita ba, don cikinta ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baffa ta gefen hagu. Allah ya sa ya tashi, bakinsa ya dawo, hannun dama lafiya lau, amma na hagu ya zama sai an ɗaga masa. Wata rana ya ce a kawo masa kalangu. Aka sa masa a hammata, ya buga sau biyu, kalangun ya sulluɓe ya faɗi kan tabarma. Ya dube shi ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ku kai shi ɗaki." Daga ran nan sai ka same shi a rumfar ƙofar ɗakinsa yana bugun gwiwarsa da yatsu, bakinsa na motsi. Duk gidan ba wanda ya gaji kiɗan. Na san take-taken da ke kansa ba su rubuce ko'ina, na kuma san ni ne aka shirya in ɗauke su na gudu.

Ina da ɗan ƙanwa wanda ya yi shekaru a Kano yana koyon aikin sutudiyo, watau ɗakin da ake haɗa kiɗan waƙoƙi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 masu waƙoƙin fim na Kano suka rungumi fiyano na lantarki, yawanci ƙirar Yamaha, wanda ke kwaikwayon muryar kayan kiɗa iri iri, har sana'ar ta zama abin da yara ke tafiya koyo kamar yadda na koyi ɗinki. Ya komo gida cikin 2023, muka fasa masa shago jikin katangar gidanmu ta wajen titi, ya liƙe bangon da soso, ya kafa babbar kwamfuta da lasifikoki da batiran hasken rana. Wata rana da hunturu, lokacin da an kau da amfanin gona, ƙauyukan Dakarkari na shirin bikin Uhola, ya same ni a bakin keke ya ce, "Kawu, hannun daman Tsoho yana nan daram. Na hagun ne babu. Me zai hana ka zama hannunsa na hagu?"

Na ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin mutum biyu sun rungumi kalangu ɗaya?"

Ya ce, "A hammata ba ya yiwuwa. A cikin waya yana yiwuwa."

Daga nan ya shiga yi mini bayanin wani abu da ake kira MIDI. Ga yadda na fahimce shi, da kuma abin da na ƙara sani daga baya.

Ni da girmana na koyi karatu, a ajin dare, kamar yawancin masu riƙe da wannan littafi. Kowa daga cikinmu ya tuna ranar da ya fara karanta wasiƙa da kansa. Takarda ba ta ɗauke da muryar wanda ya rubuto. Alamu ne kurum a jere, mai karatu ke ara musu tasa murya. To, haka MIDI yake. Idan mai fiyano ya danna maɓalli, ba amon kiɗa ke bin waya ba, 'yar wasiƙa ce gajeriya mai kalma uku. Kalma ta farko ta ce, "Fara, a ɗaki kaza." Ta biyu ta faɗi wace murya, da lamba, daga 0 zuwa 127; maɓallin da ke tsakiyar fiyano lambarsa 60. Ta uku ta faɗi ƙarfin bugun, shi ma har zuwa 127. In ya ɗaga yatsa sai wata wasiƙar ta bi baya ta ce, "Bari." Na'urar da wasiƙa ta isa gare ta ita ce mai karatu, ita ke fitar da amo da irin muryar da aka ɗora mata, ko ta sarewa, ko ta goge, ko ta ganga. Ɗakunan da na ambata kuwa guda 16 ne cikin waya ɗaya, don makaɗa 16 su yi aike tare ba tare da saƙon wani ya shiga na wani ba.

Wannan dabara tana da asali. A dā kowane kamfani da irin yaren da kayan kiɗansa ke ji, na wannan ba ya jin na wancan. Sai wani Ba'amurke mai ƙera irin kayan nan, Dave Smith, da wani mutumin Japan, Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland, suka ga ya kamata a yi yare ɗaya. Aka fara shawara cikin 1981. Cikin watan Janairu na 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya ta Amurka, aka haɗa fiyanon kamfanin Smith da na Roland da waya, aka danna wannan, wancan ya amsa. Ba su sa wa yaren kuɗi ba, suka bar wa kowa ya yi aiki da shi, shi ya sa ya game duniya. Cikin 2013 aka ba su lambar girma ta Grammy saboda wannan aiki. Dukansu biyu sun rasu, Kakehashi a 2017, Smith a 2022, amma fiyanon da aka ƙera shekara 40 da suka wuce har yanzu yana gaisawa da kwamfutar bana. Mu mutanen Zuru mun san amfanin irin wannan, gama a kasuwarmu Badakkare da Bafulatani da Bakambare da Bayarabe kowa da harshen gidansu, amma da Hausa ake ciniki.

Shirin yaron nan shi ne wannan. Ya ɗauko kalangun Baffa daga ɗaki, ya sa ni na buga shi bugu ɗaya mai kyau a gaban makirfo, ya ajiye amon cikin babbar kwamfuta. Yana da wani faifan roba mai faɗin faranti, wanda ke jin lokacin da aka buge shi da ƙarfin bugun, ya aika wasiƙa. Wannan na Baffa ne. A gefen hagu na fiyano kuma akwai wata 'yar taya da ake murzawa da babban yatsa. In ka tura ta gaba murya ta hau, in ka jawo ta baya ta sauka, in ka saki ta koma tsakiya da kanta. Ita ma wasiƙa take aikawa, tana kuwa da matakai har 16,384 tsakanin ƙasa da sama, sabo da haka hawanta sumul yake kamar matsin hammata. Wannan tawa ce. Wasiƙun Baffa da nawa za su haɗu cikin kwamfuta su zama kalangu ɗaya.

Sai muka je muka gaya wa Baffa. Ya saurara sarai, ya ce ya yarda, amma ba zai shiga shagon ba. Ya ce, "Shekara 60 ina kiɗa a sarari, kaji na ji, mutane na ji. Yanzu da tsufana za ku kulle ni cikin ɗakin da kuka liƙe da katifa?"

Jikan nasa ya ce, "Tsoho, tsoro kake ji kada in ƙwace maka amarya kana ciki?"

Baffa ya ce, "Kai da ko akuya ba ka ajiye ba? In kiɗana kuke so, ku zo inda nake."

Nan wahala ta fara. Babbar kwamfuta ba ta ɗaukuwa, tana haɗe da batira, ga ƙurar hunturu. Daga shago zuwa rumfar Baffa kuwa, in ka bi ta zaure da tsakar gida, mita 40 ne. Wayar MIDI ta asali, mai kai da ƙusoshi biyar, ƙa'idarta kada ta wuce mita 15, watau ƙafa 50. In ta zarce haka saƙo na iya lalacewa a hanya. Har wa yau hanya ɗaya take bi, mai kai saƙo dabam, mai komo da shi dabam. Ba ta kai ko rabin tafiyarmu ba.

Yaron ya ce ba komai, za mu bi ta haɗin gida. Nan ma sai na tsaya na yi tambaya, don na zaci intanet yake nufi, na fara lissafin kuɗin data. Ashe ba haka ba ne. Intanet kamar aika wasiƙa ce zuwa wani gari. Haɗin gida kuwa kamar ka aiki yaro daga zaure zuwa cikin gida ne, saƙon ba ya fita ƙofa, ba ka biyan kowa ko kwabo. Abin da ake bukata shi ne wani ɗan akwati mai rarraba saƙo, wanda kowace na'ura ta gidan ke haɗuwa da shi. Shi ke ba kowace lambarta, kamar lambar gida, in saƙo ya zo ya duba adireshi ya miƙa wa mai shi. Yaron yana da wata tsohuwar kwamfutar hannu wadda ba ta da ƙarfin ɗaukar aikin sutudiyo, amma tana iya aikin masinja. Ita za a ajiye a rumfa, faifan Baffa ya ba ta wasiƙa, ta sa cikin ambulan, ta aika wa babbar ta hannun akwatin nan. Amon kuma ya komo rumfa ta doguwar wayar lasifika irin ta masu biki.

Yadda ake sa wasiƙar MIDI cikin ambulan ɗin haɗin gida shi ma da ƙa'idarsa, ana kiranta RTP-MIDI. Kamfanin Apple ya sa irin wannan hanya cikin kwamfutocinsa tun 2005. Cikin 2006 aka buga ƙa'idar a rubuce don kowa, aikin wasu malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, John Lazzaro da John Wawrzynek. Daga baya wani Bajamushe, Tobias Erichsen, ya yi manhajar da ke sa kwamfutocin Windows su shiga zancen, ita ce yaronmu ya sa wa nasa biyun. Na tsaya a kansa ina kallo. Ya raɗa wa ɗaya suna Shago, ɗaya Rumfa. Ko da ya buɗe, sai ga sunan Rumfa ya fito a fuskar Shago. Ya danna, watau Shago ta yi sallama a ƙofa mai lamba 5004, wadda aka saba yin wannan aiki ta cikinta, Rumfa ta amsa. Sa'an nan suka shiga tambayar juna ƙarfe nawa, a kai a kai, don agogonsu ya zo ɗaya. Na ce lalle waɗannan sun fi wasu maƙwabta ladabi.

Ranar farko ba mu ja waya ba, muka ce saƙo ya bi iska, ta abin nan da ake kira Wi-Fi. Aka ba Baffa makaɗinsa na gado, ya auna faifan roba da ido kamar mai sayen akuya, ya buga. Lasifika ta amsa da muryar kalangunsa. Ya ɗan zabura. Ya sāke bugawa, ya shiga jero su. Ba a jima ba sai ya tsaya ya yamutsa fuska. Wani bugun ya fito nan take, wani ya makara, wasu biyu su taho a cure kamar awakin da suka tsinke. Ya ce, "Wannan ɗan aiken naku yana tsayawa shan fura a hanya."

Gaskiya ya faɗa. Tsakanin rumfa da shago akwai katangu uku da rufin kwano, iska kuwa hanya ce ta kowa, wayoyin hannu na gidan duk ita suke bi. In ambulan ya ɓace sai a sāke aikawa, in hanya ta cika sai ya jira. Makaɗi yana iya jure jinkiri kaɗan in dai bai canzawa. Shi amo kansa yakan ci wajen kashi 3 cikin 1,000 na sakan kafin ya yi tafiyar mita ɗaya, sabo da haka duk wanda ya taɓa kiɗa a fili da abokinsa can gefe ya saba da 'yar tazara. Abin da hannu ba ya iya bi shi ne jinkirin da yanzu kaɗan ne, an jima da yawa.

Da magariba ta gabato sai wani abin ya auku. Yaron ya ɗora muryar sarewa yana gwaji daga rumfa da wani ɗan guntun fiyano na aro. Ya danna maɓalli ke nan sai aka ɗauke wuta, akwatin rarraba saƙo kuwa a wutar gari muka sa shi, ba a batir ba. Wasiƙar "Fara" ta riga ta isa, ta "Bari" ba ta sami hanya ba. Babbar kwamfuta da lasifika suna kan batir, suka riƙe muryar nan ɗaya suna ta tsala ihu ba numfashi. Mata suka fito da ludayi a hannu, kaji suka watse, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Sai da yaron ya sheƙa shago da gudu ya danna wani saƙo da aka tanada musamman don irin wannan rana, mai cewa kowa ya yi shiru. Baffa ya yi dariya har da hawaye, rabonsa da dariya irin wannan tun kafin ciwo.

Daga baya na ji cewa malaman nan biyu sun yi tunanin ɓatan saƙo. Sun sa kowane ambulan ya ɗauki ɗan taƙaitaccen tuni na abin da ya gabata, kamar mai rubuta wasiƙa da ke cewa, "Kamar yadda na gaya maka a waccan takarda." In ɗaya ta ɓace, mai bi mata sai ta gyara ɓarnar. Amma in hanya ta yanke ɗungum, ba mai bi balle ya gyara.

Muka ɗauki darasi biyu. Muka mai da akwatin kan batir, muka kuma aika Kontagora aka sayo mana wayar haɗa kwamfutoci, wadda masu sana'ar ke kira Ethernet, mita 50. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba ta gaji ba, tana kai saƙo tana komowa da shi, ga ta da faɗin hanya. Tsohuwar wayar MIDI tana wuce da ɗigon lantarki 31,250 cikin sakan ɗaya, bugu guda yana cin ɗigo 30, watau wajen bugu 1,000 ke nan cikin sakan. Ko mai arahar cikin wayoyin Ethernet na yanzu ta ninka wannan sau 3,200. Na kama ta da ƙusa bisa katanga da hannuna, na ɗinka mata riga da ragowar yadi inda ta ratsa ta kusa da turken awaki. Da Baffa ya gwada sai ya gyaɗa kai, ya ce, "Yanzu kun sami yaron kirki."

Saura nawa aikin. Na zauna a shago gaban babban fiyano, na sa abin ji a kunne, Baffa na bugu daga rumfa, ina murza 'yar taya. Murya ta ƙi motsi. Muka duba waya, muka duba akwati, ba laifi. Can yaron ya dafa kai. Ashe faifan Baffa yana aikawa ɗaki na 10 ne, gama tun 1991 aka yi ittifaƙi a bar wa ganguna wannan ɗaki, ni kuwa fiyanona yana aikawa ɗaki na 1. Ina ta matsa hammatar wani kalangu da ba kowa ke bugawa. Ya juya saƙon Baffa ya koma ɗaki na 1, ya kuma ƙara wa 'yar tayar nisan hawa da sauka, don yadda ta zo daga kamfani tazararta kaɗan ce, ba ta isa maganar kalangu ba.

Murya ta motsa, amma magana ba ta fito ba. Kwana uku muna yi. Take-taken suna kunnena tun ƙuruciya, amma kullum sai in matsa bayan bugu ya wuce, ko in saki tun bai zo ba. Yaron ya auna tafiyar saƙo, ya ce ba ta kai a kula ba, laifin ba na waya ba ne. Ran na huɗu Baffa ya aiko a kira ni. Na zo na durƙusa. Ya ce, "Ɗana, hannun hagu ba ya zama wani gari ya bar na dama. Ɗauko abin naka ka zo nan."

Zuwa da kai ya fi aike. Muka kinkimo fiyano muka kawo rumfa, muka haɗa shi da 'yar kwamfutar nan tare da faifan, saƙonmu biyu suka bi waya ɗaya. Na zauna dab da shi ta gefen hagu. Ya ɗaga makaɗi, sai na ga abin da ba a gani daga shago. Kafin kowane bugu mai hawa, kafaɗarsa ta hagu, wadda muke cewa ta mutu, tana ɗan motsawa ƙarƙashin riga, kaɗan ƙwarai, kamar numfashin jariri. Hannun ya daina jin umurni, amma kafaɗar ba ta daina bayarwa ba. Na bar kallon fiyano, na kafa mata ido. Ta motsa, na tura. Ta kwanta, na saki. Sai ga kalangu yana magana.

Taken mahauta ya fara da shi, wanda kakanmu ya shigo garin nan da shi. Ba mu kai ƙarshe ba sai muka ji sallama. Wani tsohon mahauci ne, abokin Baffa, yana wucewa ta titi ya ji ana kiransa. Ya shigo yana waige-waige yana neman kalangu, bai ga kome ba sai faranti da waya. Ya tsaya shiru, sa'an nan ya sa hannu aljihu ya fito da kuɗi ya liƙa wa Baffa a goshi, kamar yadda ya saba yi shekaru aru-aru. Ni dai na sunkuyar da kai, ban so yaron ya ga idona ba.

Kada mai karatu ya zaci na ce na'ura ta maye kalangu. Da muka sa wa Baffa abin da aka ɗauka, ya saurara ya ce, "Muryar tawa ce, amma da mura." Bugu ɗaya muka ajiye, shi ake ta maimaitawa, alhali fatar gaske tsakiyarta da gefenta ba amonsu ɗaya ba, ga kuma yatsun hagu da ke taɓa fata suna danne amo. Duk wannan faifan roba bai san shi ba, abin da ba a rubuta cikin wasiƙa ba kuwa mai karatu ba ya karanta shi. Wata rana kuma yaron ya ce kwamfuta tana iya daidaita bugun duka su zauna kan awo ɗaya cif, kamar layin ɗinkin keke. Muka gwada da take ɗaya. Ya fito tsaf, ba rai. Ashe ɗan jan ƙafar da Baffa ke yi kafin bugun ƙarshe, wanda na'ura ta ɗauka kuskure ne, nan daɗin yake. Muka mai da shi yadda yake, muka yi alkawari ba za mu ƙara taɓa bugunsa ba.

Daga hunturun nan zuwa bazara muka ɗauki take 23, kullum bayan la'asar. Kowanne sai ya gaya mini na wane ne, da ranar da ake yin sa, in rubuta cikin littafin awon ɗinki. Baffa ya rasu da daminar 2024, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya bari cikin kwamfuta, da yake wasiƙu ne ba amo ba, duka 23 ɗin ba su kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ba. Mun kwafe su wuri uku. Suna da wani amfani kuma wanda kaset ba shi da shi: ana iya rage saurinsu yadda aka ga dama murya ba ta kumbura ba, gama mai karatu ne aka ce ya karanta a hankali. A fuskar kwamfuta bugun Baffa yana fitowa ɗigo ɗigo a sama, matsina yana bin sa a ƙasa kamar zare. Ina ganin duk inda na makara. In na kashe layina, sai bugunsa ya rage shi kaɗai, yana jiran hannun hagu.

Shi ya sa na sauko da ɗan kalangun nan daga zaure. Fatarsa ta bushe ta tsage, na kai aka sāke masa wata, aka ja sababbin tsarkiyoyi. Ya yi mini kaɗan, amma ya yi daidai da hammatar autana. Ni na ɗauki na Baffa. Ran Asabar da yamma mukan zauna a rumfar, wayar nan tana nan bisa katanga, yaron ya sako mana bugun tsohon daga shago a hankali, mu bi shi da kalangun gaske. Masu kawo ɗinki sukan tarar da ni da makaɗi a hannu, wasu su yi murmushi. Yanzu ba ya yi mini ciwo.

To, jama'a, wanda ke da niyyar haɗa kayan kiɗa ta haɗin gida, ga abin da muka koya da wahala. Ya ja waya in da hali, kada ya dogara da iska. Ya sa akwatin rarraba saƙo kan wutar da ba ta yankewa. Ya tabbata mai aikawa da mai karɓa ɗaki ɗaya suke nufi. Ya kuma san inda maɓallin shiru yake tun kafin ya bukace shi. Wanda kuma ke da tsoho a gida mai wani sani a ka, ko kiɗa ne, ko saƙa, ko magani, ko tarihin gari, kada ya tsaya jiran ya sami kayan aiki. Mu mita 40 ce tsakaninmu da Baffa, muka yi mako biyu muna neman hanyar da saƙo zai bi. Ni kuwa na yi shekara 30 ina wuce ƙofar ɗakinsa safe da yamma.